Jan kamfai, kare da kuɗin tikiti: yadda aka tayar da Superman a 2025

Ranar 24 ga Oktoba, 2022, ɗan wasan fim Henry Cavill ya fito a Instagram ya shaida wa duniya cewa ya dawo matsayin Superman. Kwanaki kaɗan kafin nan an hango shi na 'yan daƙiƙoƙi a ƙarshen fim ɗin Black Adam sanye da kayan, masoyansa suka ɓarke da sowa a gidajen sinima. Washegari kamfanin Warner ya sanar da naɗa James Gunn da Peter Safran su riƙe sabon sashen DC Studios, mai kula da finafinan su Superman da Batman. Ba a rufa wata biyu ba, a tsakiyar Disamba, Cavill ya sake fitowa, wannan karon yana ban kwana. Sababbin shugabannin sun zauna da shi, sun faɗa masa cewa labarin da za su yi na matashin Superman ne, kuma babu shi a ciki. Tun Gunn bai ɗauki hoto ko ɗaya ba, ya riga ya yi maƙiya cikin mutanen da suka fi kowa ƙarar murya a intanet, kuma Gunn ɗin ne zai rubuta sabon fim ɗin, shi zai ba da umarni.

Matsalar da ke gabansa tsohuwa ce a wannan sana'a. Fim irin wannan yana cin kuɗin da 'yan gani-kashe-ni su kaɗai ba za su iya mayarwa ba, ko da kowannensu ya kalla sau uku. An ruwaito cewa na 2025 ya ci dala miliyan 225, ban da kuɗin talla, kuma masu gidajen sinima suna riƙe kusan rabin abin da aka sayar na tikiti. Dole sai an jawo mai gida da iyalinsa, da saurayi da budurwa da suka fito shan iska ranar Asabar, mutanen da ba su taɓa buɗe mujallar zane ba kuma ba su da niyya. To amma tsofaffin masoya su ne ke cika kujerun daren farko, kuma abin da suka fito suna faɗi shi ne ke isa kunnen mai gidan kafin ya yanke shawara. In an ɓata musu rai, su hana kasuwar ci. In an biye musu gaba ɗaya, sauran jama'a su shiga su fito ba su gane komai ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin Superman shi ne tsofaffin masoyan nasa ba jama'a ɗaya ba ce. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu daga birnin Cleveland, sun fito da shi a mujallar Action Comics a 1938, bayan sun sayar da haƙƙinsa a kan dala 130. Daga lokacin zuwa yau an yi zuriya bayan zuriya, kowace da nata Superman ɗin. Akwai masu karanta mujallun, waɗanda suka san sunan karensa da 'yar baffansa da kowane bos da ya taɓa karawa da shi. Akwai waɗanda suka tashi da fim ɗin Richard Donner na 1978, a wurinsu Superman shi ne Christopher Reeve, da murmushinsa, da kiɗan John Williams. Sai kuma 'yan baya-bayan nan, waɗanda suka fara saninsa a 2013 a jikin Cavill, ƙarƙashin umarnin Zack Snyder. Kowane rukuni yana ganin shi ke riƙe da na asali.

Warner ya riga ya gwada biye wa kowannensu, kuma rasit ɗin na nan.

Bayan fim na huɗu na Reeve ya faɗi warwas a 1987, sai da aka yi shekara 19 ba a ga Superman a majigi ba. A 2006 Bryan Singer ya dawo da shi da Superman Returns, ya yi wa mutanen 1978 biyayya har ta wuce gona da iri. Ya ɗauko Brandon Routh mai kama da Reeve, ya dawo da kiɗan Williams, ya tono tsofaffin hotunan Marlon Brando, wanda ya riga ya rasu, domin ya sake fitowa a matsayin mahaifin jarumin. Labarin kansa ci gaba ne na finafinan da aka yi tun ba a haifi galibin masu sayen tikiti ba. Akwai wuri ɗaya da har gobe ake yabawa, inda ya tare jirgin sama mai faɗowa ya ajiye shi a tsakiyar filin wasa. Ban da wannan, fiye da awa biyu da rabi jarumin yana ɗaga kaya masu nauyi yana kewar masoyiyarsa Lois Lane, bai naushi kowa ba. Yaron da ya biya kuɗinsa don ya ga faɗa ya koma gida da hamma. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 391 a duniya, ga Pirates of the Caribbean na biyu da ya fito bayansa da 'yan kwanaki ya haura biliyan ɗaya. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu yadda kamfani ya so ba, aka soke na biyun.

Sai aka karkata ɗaya ɓangaren. Finafinan Batman na Christopher Nolan sun nuna cewa duhu da tsanani suna sayuwa, don haka a Man of Steel na 2013 aka cire jan kamfan da Superman ke ɗorawa a kan wando, aka dusashe launin kayan, aka ajiye kiɗan Williams aka kira Hans Zimmer. Masu cewa babu faɗa an ba su faɗa har birnin Metropolis ya zama kango. A ƙarshen fim ɗin, a cikin tashar jirgin ƙasa, Janar Zod ya juya wutar idanunsa kan wasu iyali da suka maƙale a lungu, Superman na riƙe da wuyansa ta baya yana roƙonsa ya bari. Da ya ƙi, sai ya karya masa wuya, ya durƙusa ya kurma ihu. Wannan daƙiƙa guda ta raba masoya gida biyu, kuma ba su sake haɗuwa ba. Masu mujallu da mutanen Reeve suka ce Superman ba ya kisa, wannan wani ne daban ya ari kayansa.

A nan akwai abin lura, domin maganar tasu ba ta cika daidai da tarihi ba. A mujallar da John Byrne ya rubuta a 1988, Superman ya kashe Zod da hannunsa, da dutsen kryptonite, wanda guba ne ga irin su Superman da Zod. A fim na biyu na Reeve ma, na 1980, ya murƙushe wa Zod hannu ya wurga shi rami, ba a sake ganinsa ba, kuma ba wanda ya ta da jijiyar wuya, saboda an yi abin cikin raha da kiɗan nasara. Abin da tsohon masoyi yake karewa sau da yawa shi ne yadda ya ji a ransa yana ɗan shekara goma, kuma wannan ba a rubuce yake a wani shafi da darakta zai buɗe ya duba ba. Man of Steel ya samu kimanin dala miliyan 668, ya fi na 2006 nesa ba kusa ba, ya kuma haifi nasa 'yan gani-kashe-nin.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an daɗe a kai ba. Batman v Superman na 2016 ya buɗe da dala miliyan 166 a Amurka, a mako na biyu cinikin ya zube da kusan kashi 69 cikin ɗari, alamar masoya sun zo daren farko, sauran jama'a kuma sun ji labari sun zauna a gida. A 2017 Snyder ya bar aikin Justice League bayan rasuwar 'yarsa, aka kawo Joss Whedon ya sake ɗaukar wurare da dama ya cusa barkwanci. Cavill kuwa yana da gashin baki na wani fim da ba a yarda ya aske ba, sai aka goge shi da kwamfuta, bakin ya fito abin dariya. Fim ɗin da ya tara Batman da Superman da Wonder Woman wuri guda ya kasa kamo kuɗin Man of Steel.

Masoyan Snyder ba su haƙura ba. Shekara biyu da rabi suna neman a saki fim ɗin yadda shi ya tsara. Sun sayi allon talla a dandalin Times Square na New York, sun yi hayar jirgi ya ja kyalle a sama lokacin taron Comic-Con, sun tara kuɗi masu yawa ga ƙungiyar hana kisan kai don tunawa da 'yar daraktan, wasunsu kuma sun addabi ma'aikatan kamfanin da masu sharhi da zagi. A Mayun 2020 Warner, wanda ke neman abin da zai jawo mutane zuwa sabuwar manhajarsa ta HBO Max, ya miƙa wuya. An kashe kimanin dala miliyan 70, aka saki fim ɗin mai awa huɗu a ranar 18 ga Maris, 2021. Ba a kwana da yawa ba suka koma neman a dawo da dukkan tsarin Snyder, shugabar Warner Bros. ta lokacin, Ann Sarnoff, ta ce babu wannan maganar. A 2022 mujallar Rolling Stone ta ruwaito cewa binciken da kamfanin ya sa aka yi ya gano aƙalla kashi 13 cikin ɗari na asusun da suka shiga wannan gangami na bogi ne. Kenan hatta yawan masu ihun ba abin dogara ba ne wurin lissafin tikiti. The Flash na 2023 ya rufe babin: an dawo da Michael Keaton a matsayin Batman, an ƙera fuskar marigayi Reeve da kwamfuta, har da Nicolas Cage na fim ɗin Superman da aka soke tun 1998, wanda sai mai bin labarin ƙwaƙwaf zai gane dalilin ganinsa. Abin da aka samu bai wuce dala miliyan 271 ba.

Wannan ne gadon da Gunn ya tarar. Abin da ya sa aka ɗauke shi kuwa shi ne Guardians of the Galaxy na 2014, inda ya ɗauki jaruman da ko masu karanta mujallu ba su damu da su ba, ciki har da itace mai tafiya, ya sa duniya ta so su.

Shawararsa ta farko ita ce ya tsallake labarin asali. Babu fashewar duniyar Krypton inda aka haifi Superman, babu jariri a cikin kumbo, babu tasowa a gonar Kansas. Fim ɗin, wanda ya fito ranar 11 ga Yuli, 2025, ya buɗe da 'yan layuka a rubuce, duk a kan lamba uku: ƙarni uku da suka wuce masu baiwa suka bayyana a duniya, shekara talatin da suka wuce aka aiko jariri, shekara uku da suka wuce ya bayyana kansa, mako uku da suka wuce ya hana wani yaƙi, minti uku da suka wuce aka ci shi da yaƙi karon farko. Sai ga David Corenswet, sabon Superman, ya faɗo tim cikin dusar ƙanƙara, jini a baki, numfashi da ƙyar. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage ya yi fito. Daga nesa ƙanƙara ta turnuƙe, wani farin kare mai jar alkyabba ya iso a guje, maimakon ya taimaka sai ya haye ƙirjinsa yana tsalle yana lasarsa, jarumin na nishin ciwo. Da ƙyar ya samu karen ya kama bakin alkyabbarsa ya ja shi gida. A cikin minti biyar an ba mai karanta mujalla Krypto, karen da ya fara fitowa tun 1955 kuma manyan finafinan baya duk suka ji kunyar nunawa, an kuma ba wanda bai san komai ba amsar tsohon ƙorafinsa cewa ba daɗin kallon wanda ba a iya dukansa. Karen ma ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba. Gunn ya ce ya kwaikwayo halinsa ne daga nasa karen, Ozu, wanda ya ɗauko daga gidan ceton dabbobi ya zo ya lalata masa kayan ɗaki.

Jan kamfan ya dawo. Gunn ya faɗa cewa shi da kansa ya yi ta jan ƙafa a kai, Corenswet ne ya shawo kansa da hujjar cewa mutumin da ke fitar da wuta daga ido ya san yana da ban tsoro, don haka yake yin shiga irin ta 'yan kokawa, domin yara su gan shi su saki jiki. Hujjar ta yi ma'ana, domin ta mayar da abin da ake yi wa dariya ya zama wani ɓangare na halin mutumin. Kiɗan Williams ma ya dawo, amma John Murphy da David Fleming sun sake masa riga, har da jita mai lantarki. Will Reeve, ɗan Christopher Reeve, ya fito na ɗan lokaci a matsayin ɗan jarida. Alamar ƙirjin an ɗauko ta daga mujallar Kingdom Come ta 1996. Duk waɗannan kyaututtuka ne masu araha: wanda ya sani ya ji daɗi, wanda bai sani ba bai yi asarar komai ba.

Inda ya yi kasada shi ne yawan jama'ar da ya cusa. Ga Guy Gardner da askinsa mai kama da an kifa ƙwarya, ga Hawkgirl, ga Metamorpho, ga Mister Terrific wanda Edi Gathegi, haifaffen Kenya, ya fito a matsayinsa ya kusa ƙwace fim ɗin, ga wata duniyar aljihu da Lex Luthor, babban magabcin Superman, ya ƙera yana tsare mutane. Ba a tsaya gabatar da kowa ba. Ga mai mujalla wannan shi ne daɗin, kamar ya buɗe fitowa ta tsakiya ya ci gaba. A ganina nan ne fim ɗin ya fi rauni, domin tsakiyarsa ta cika da kaya har labarin Clark Kent (sunan Superman in ba ya cikin kayan) da Lois, wanda shi ne mafi kyau a ciki, ya rasa wurin numfashi. Dubi wurin da Rachel Brosnahan, a matsayin Lois, ta kunna rikoda a ɗakinta ta ce ya amsa tambayoyi a matsayin Superman. Ta tambaye shi da izinin wa ya shiga tsakanin ƙasar Boravia da maƙwabciyarta Jarhanpur, ko ya tuntuɓi shugaban Amurka, da wane hurumi ya jingina shugaban wata ƙasa da itacen ƙaya yana yi masa gargaɗi. Ya fara da murmushi, ya koma kame-kame, ya ƙare da ɗaga murya cewa mutane ne za su mutu. Mutum biyu ne a kan kujera kusan minti goma, ba wanda ya tashi sama, kuma ba ka buƙatar sanin ko mujalla ɗaya kafin ka bi gardamar.

Bayan ya gama saye zukatan tsofaffin masoya da kamfai da kare da kiɗa, sai ya taɓa abin da ya fi waɗannan duka girma. Saƙon da iyayen Superman na Krypton suka aiko shi da shi, wanda rabinsa ya lalace, Luthor ya gyara ragowar ya watsa wa duniya: ashe sun aiko shi ne ya mallaki mutanen duniya, ya tara mata ya yaɗa jininsu. Mahaifinsa Jor-El, wanda tun zamanin Brando ake nunawa a matsayin dattijon kirki, ya zama mai wannan wasiyya, kuma fim ɗin bai zo daga baya ya ce ƙarya ce ba. Wannan sauyi ya fi karya wuyan Zod nisa daga abin da aka saba. An yi ƙorafi, amma bai zama gobara irin ta 2013 ba, kuma dalilin a bayyane yake. Sauyin bai taɓa halin jarumin ba, wanda ana tsakiyar faɗa da dodo ya tsaya ya ɗauke kurege daga hanya. Nauyin tarbiyyarsa ya koma kan manoman Kansas biyu da suka raine shi, tsofaffi masu ɗaga murya in suna waya, uwar tana goge masa takalma kafin ya koma fagen fama.

Mutanen Snyder kuwa bai ba su komai ba, kuma da alama da gangan ne. Har akwai wurin da aka nuna birai a gaban kwamfutoci, Luthor ya ɗaure su suna zuba zagin Superman a intanet dare da rana. Ba a ambaci kowa ba, amma mutane da yawa sun ɗauka sun san inda aka dosa. Gunn ya lissafa cewa taura uku ba za su taunu ba, ya zaɓi biyu. Ya kuma jawo wa kansa wata rigimar ana gab da fitowa, da ya ce labarin Superman labarin baƙon haure ne da ya zo Amurka, masu ra'ayin riƙau a tashar Fox News suka yi masa ca.

Ga yadda lissafin ya kaya. Ƙarshen makon farko a Amurka dala miliyan 125, kuma cinikin bai zube irin na 2016 ba. Jimilla a Amurka da Kanada kimanin miliyan 354, sama da miliyan 291 na Man of Steel, ko da yake tikiti ya yi tsada a tsakanin shekarun 12. A duniya baki ɗaya kimanin miliyan 616, wanda ya sa shi gaba da duk finafinan jarumai na shekarar, ciki har da uku na Marvel. Masu sharhi sun yaba.

Sai dai jimillar ba ta kamo ta 2013 ba, kuma giɓin daga waje ya fito. Man of Steel ya samo kusan miliyan 377 a wajen Amurka, wannan kuwa kimanin 262. A ƙasar Sin na 2013 ya haura miliyan 60, na 2025 bai kai 10 ba. Akwai dalilan da ba na fim ɗin ba: kasuwar Sin ta rage sha'awar finafinan jarumai na Amurka, ta Rasha a rufe take tun 2022, kuma Jurassic World ya fito kwana tara kafinsa ya kwashe masu kallon waje. Gunn da kansa ya ce a wasu ƙasashen Superman bai kai Batman suna ba, kuma ƙin jinin Amurka da ake yi a lokacin bai taimaka ba. Duk gaskiya ne, amma akwai wanda yake nasa. Dabarar tsallake gabatarwa ta dogara ne da cewa kowa ya san labarin, kuma wannan "kowa" ɗin Ba'amurke ne da ya tashi da hoton Superman a jikin jakar makarantarsa. A Amurka hatta mutumin da bai damu ba rabin masoyi ne, kiɗan Williams na tashi zai ji wani abu. Mai kallo a Seoul ko Shanghai ba shi da wannan ajiyar. Shi abin da ya gani shi ne jarumin da ake ta duka, da kare, da wasu mutane huɗu masu kayan launi da ba a gaya masa ko su wane ne ba, da barkwancin da rabinsa ke mutuwa a fassara. Rushe-rushen Snyder, duk da sukar da ya sha, ba ya buƙatar tafinta.

Warner dai ya ɗauki sakamakon a matsayin nasara, ya ci gaba da gini a kai. Supergirl, 'yar baffan Superman, wadda Milly Alcock ta leƙo a matsayinta a ƙarshen fim ɗin tana neman karenta Krypto, an sa mata 26 ga Yuni, 2026, sannan Man of Tomorrow, da Corenswet da Nicholas Hoult mai fitowa a Luthor, 9 ga Yuli, 2027. Akwai kuma agogon da ke bugawa a bayan duk wannan. A dokar Amurka haƙƙin mallakar aikin da aka buga a 1938 yana ƙarewa bayan shekara 95, don haka daga 1 ga Janairu, 2034, kowane kamfani zai iya yin fim da Superman na fitowar farko, da Clark Kent, da Lois Lane. Amma wancan Superman ɗin ba ya tashi sama, tsalle kawai yake yi, bai san kryptonite ba, ba shi da 'yar baffa. Abubuwan da Gunn ya cika fim ɗinsa da su, waɗanda aka ce ya yi don masu mujallu, su ne za su daɗe a hannun kamfanin: Supergirl ta 1959 ce, Guy Gardner na 1968, Mister Terrific na wannan fim na 1997. Karen ma ba mai taɓa shi sai bayan 2050.